Ƙullin da Ya Fito a Farfesun Baffa

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka gurfanar da ni a soron surukaina a Gwaram, ina durƙushe, kaina a ƙasa, ana tuhumata da yi wa dattijon gida asiri a cikin farfesun zabo. Ni da ko jiƙon mura aka miƙo mini sai na tambayi abin da aka haɗa a ciki kafin in kai baki. Kuma duk ba abin da ya jawo mini wannan sai wata 'yar ciyawa da tsawonta bai kai tafin hannu ba, da kuma bakina da ba ya iya yin shiru idan na ga na yi abin a yaba.

Ni malamar firamare ce a Birnin Kudu. Mijina, Baban Ummi, ma'aikaci ne a nan garin, amma asalinsa ɗan Gwaram ne, can mahaifiyarsa da danginsa suke. Kamar kowace mace, na san tayim tun ina budurwa: wannan busasshen ganyen da ake sayarwa a 'yar roba tare da kori, a barbaɗa a dafa-duka ko a miyar shinkafa. Ban taɓa tunanin abin yana da saiwa ba. Ni a zatona a kamfani ake ƙera shi kamar magi. Sai wata rana ina lalube a waya na ci karo da wani Bature mai dafa abinci, ya leƙa bayan ɗakinsa ya tsinko ɗanyen tayim kore shar, ya jefa a tukunya yana lumshe ido. Daga wannan rana na rasa sukuni. Na ce wallahi sai Birnin Kudu ta ga ɗanyen tayim, kuma a gidana za ta fara ganinsa.

Na sa aka kawo mini irin daga Kano. Da na warware takardar na ga wani abu kamar an niƙa gawayi, na kai hanci in sunsuna, sai atishawa ta zo mini, rabin irin ya bi iska. Ragowar na shuka a bokiti, na dinga ba shi ruwa safe da rana da yamma kamar alayyahu. Ya fito siri-siri, ya dube ni, ya kwanta ya ruɓe. Na sake sa aka kawo wani. Wannan karon ya ɗan yi kai, har na fara kiran maƙwabta su zo su gani, sai kazar gidan da ke jikin namu ta tsallako ta yi karin kumallo da shi. (Har yau ba ma ga maciji da kazar nan, ko da yake an daɗe da yanka ta.)

Daga ƙarshe wata abokiyar aikina da mahaifiyarta ke zaune a Jos ta taho mini da reshe guda a cikin jiƙaƙƙen tsumma, tare da saƙon cewa in rage masa ruwa, in sa shi a yashi, in huda gindin tukunyar. Ashe ciyawa ce mai son wahala. In ka kyautata mata ta mutu, in ka yi kamar ba ka damu da ita ba ta yi ɓul-ɓul. Na samo tsohuwar tukunyar ƙasa da ta tsage, na cika ta da yashin rafi da ɗan busasshen takin awaki, na dasa. Ba na ba ta ruwa sai na tsoma yatsa na ji ƙasar ta bushe. Da bazara ina yi mata inuwa da tsohon zani idan rana ta take. Da damina kuwa, hadari na haɗowa hankalina ya bar aji ya koma gida, domin ruwan sama in ya yi mata yawa shi ke nan. Na sha hawa acaɓa a guje in je in shigar da tukunyar ƙarƙashin rumfa, alhali shanyar kayan yara na nan a igiya tana shan ruwa ban ko kalle ta ba.

Kuma, tunda na ce zan faɗi gaskiya, ina yi mata magana. Ba wata doguwar hira ba, irin dai "Sannu 'yar lele, kin tashi lafiya?" da safe kafin in tafi makaranta. Baban Ummi ya sha tsayawa da buta a hannu yana kallona, ya girgiza kai ya wuce.

Ranar da na fara tsinka na sa a miyar kaza, gidan ya ɗauki wani ƙamshi da na roba bai taɓa yi ba. Na zauna ina jiran yabo. Baban Ummi ya cinye tas, ya suɗe hannu, ya ce, "Yau kin canza magi ne?" Na kusa yin kuka. Amma maƙwabta sun gane akwai wani abu, suka yi ta tambaya, ni kuwa sai in yi murmushi in ce sirri ne. Ina jin daɗin kalmar nan, sirri. Da na san inda za ta kai ni da ban saba da ita ba.

To, ana nan sai maganar Safiya ta taso. Safiya ƙanwar mijina ce, autarsu, yarinya mai ƙwaƙwalwa da natsuwa. Ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya a nan Birnin Kudu, kuma shirin shi ne ta zauna a gidanmu. Mahaifinsu ya rasu, don haka maganar tana hannun ƙaninsa, Baffa, wanda ke zaune a Kwandiko da shanunsa da gonakinsa. Baffa ya ce a'a. Ba mugun mutum ba ne, ko kusa. Cewa ya yi ɗan'uwansa ya bar masa amana, ba zai saki yarinya ta je tana kwana a asibiti cikin baƙi ba. Ga shi ana dab da rufe rajista. Safiya ta yi kuka har ta gaji. Sai Inna, surukata, ta ce a taru a gidanta a Gwaram ranar Asabar, a gayyato Baffa, a ba shi abinci, a lallashe shi a tsanake.

Ina jin an ambaci abinci na miƙe tsaye. Na ce ni zan yi girkin. Baffa ba ya wasa da farfesun zabo, kowa ya sani. Da safiyar Asabar ɗin na ɗauki almakashi na nufi 'yar lele. Na yi niyyar in ɗan tsinki kaɗan, amma da na tuna girman tukunyar Inna da taurin kan Baffa, sai na yi ta yanka, na yi ta yanka, har na aske ta ƙwal. Na ƙunshe a leda na cusa cikin jaka, muka hau mota.

A gidan Inna na tarar an fige zabbi an gyara. Na kori kowa daga bakin murhu, ban da Safiya da ke miƙo mini abubuwa. Matsalar tayim ita ce ganyensa ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, in ka ce za ka tsige su ɗaya-ɗaya daga itacen sai la'asar ta same ka. Baturen nan na waya ya koya mini dabara: a haɗa rassan da sauran kayan ƙamshi, a naɗe a ɗan farin ƙyalle, a ɗaure, a jefa a tukunya, in an gama a tsamo a yar. Na yago gefen wani sabon farin yadi da Inna ta ba ni, na zuba tayim da kimba da masoro da kanumfari, na yi ƙulli-ƙulli. Saura zaren ɗauri. Shi Baturen da wani farin zare mai kauri yake amfani, mu kuwa muka duba gidan kaf ba mu samu komai ba sai baƙin zaren kitso. Na ce ai zare zare ne. Na naɗa, na naɗa, na ƙulle tamau don kada ya warware.

Ina cikin haka sai ga Gwaggo Tabawa, yayar Baffa, ta dogaro sandarta ta iso. Gwaggo kunnenta ya yi nauyi, amma idonta ko allura ta faɗi a rairayi sai ta gan ta. Ina ganinta na juya mata baya, na yi wuf na jefa ƙulle-ƙullen a tukunya na rufe. (Dalilina kawai shi ne kada a saci fasahata. Ku dai ku riƙe wannan, don a soro ba wanda ya riƙe.)

"Ke Malama, me kika jefa a tukunyar nan kina ɓoye-ɓoye?"

Da mai hankali ce, da sai ta ce kayan ƙamshi ne, Gwaggo. Ni kuwa sai na gyara ɗaurin ɗankwali, na matso kusa da kunnenta, na ɗaga murya yadda za ta ji sosai, na ce, "Sirri ne, Gwaggo! Daga Birnin Kudu na taho da shi. Wata da watanni ina rainonsa. In dai Baffa ya ci wannan, ko me aka roƙe shi sai ya ce to!"

Na yi dariya. Safiya ta yi dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta dai dube ni sama da ƙasa, ta ce "Uhm," ta juya.

Farfesu ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyina zai shaida. Ƙamshin har waje. Da na zo juyewa na sa ludayi na tsamo ƙullin da na gani na watsa a wuta, sai ga sallamar babur ɗin Baffa a ƙofar gida, kowa ya rikice, wannan na neman tabarma, wancan na neman buta. Na juye farfesun a kuloli cikin sauri, babbar ta tafi soro wurin maza, ɗayar ta tsaya wurin su Inna. Ban tsaya tambayar kaina ƙulli nawa na sa, nawa na cire ba.

Abin da ya faru a soro daga baya Baban Ummi ya ba ni labari. Ya ce Baffa ya shigo fuska a ɗaure, ya ce shi ba zama ya zo yi ba. Da aka buɗe kula sai ya gyara zama. Ya ci, ya ƙara, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Baban Ummi ya shiga kawo bayani a hankali, cewa yarinya a gidansa za ta zauna, shi zai kai ta ya ɗauko ta, kuma ko matan Kwandiko in haihuwa ta zo da gardama sun fi son su tarar da mace 'yar'uwarsu a asibiti. Baffa yana ci yana gyaɗa kai. Can ya tsotse ƙashi ya ce, "To, ni dai ban san me ya sa ba, yau zuciyata ta yi sanyi a kan maganar nan. Ta je, Allah ya sa albarka."

Ya faɗi haka, ya miƙa cokali zai kwashi romon ƙasan kula. Cokalin ya taho da wani abu.

Ku yi tunanin farin ƙyallen da ya dahu a cikin romo da barkono har ya koma kalar jemammiyar fata, ya kumbura, an naɗe shi da baƙin zare ta ko'ina, ga wasu siraran abubuwa baƙi-baƙi suna leƙowa ta gefe kamar gashi. Ni da na ƙulla shi da hannuna, da na gan shi a kan faifai daga baya, sai da gabana ya faɗi.

Muna tsakar gida, Safiya ta riga ta ji labarin an amince tana rungume da ni tana tsalle, sai muka ji muryar Baffa: "A kira mini wadda ta yi girkin nan."

Na yafa mayafi ina murmushi. Wallahi na ɗauka albarka za a sa mini. Har na shirya abin da zan ce, irin "Ai ba komai, Baffa, yi wa kai ne."

Na durƙusa a bakin ƙofar soro na gaishe shi. Bai amsa ba. Ya sa tsinke ya turo faifan gabana.

"Mene ne wannan?"

Ni da ban taɓa haɗa ido da Baffa ba tun da aka kawo ni gidan, yau ga shi yana kallona, ga mijina a gefe ya yi tsuru-tsuru, ga Inna da Gwaggo sun biyo bayana sun tsaya a kaina. Na ce cikin ƙaramar murya, "Tayim ne, Baffa."

"Me ta ce?" in ji Gwaggo.

"Ta ce tayim," in ji Inna.

Gwaggo ta saki sanda ta dafe ƙirji. "Tayi? La'ilaha illallahu! Ɗan tayin me? Na akuya ko na me?"

Na ce ba tayi ba, tayim, ganye ne, kayan miya ne. Amma Gwaggo ta riga ta hau. Ta ce ita dama tun ɗazu jikinta ya ba ta. Ta gan ni da idonta na juya baya ina ƙulle-ƙulle. Sannan ta maimaita maganata, kalma bayan kalma, ba ta rage ko wasali ba. Matar da sai an yi ihu take jin sallama, ranar ta zama rikoda. "Ta ce sirri ne. Ta ce daga Birnin Kudu ta taho da shi. Ta ce wata da watanni tana rainonsa. Ta ce in ka ci, ko me aka roƙe ka sai ka ce to."

Baffa ya juyo gare ni. "Kin faɗi haka?"

"Na faɗa, Baffa, amma..."

"Kuma na ce to ɗin."

A nan ne mijina, Allah ya saka masa, ya ga ya kamata ya cece ni. Ya yi gyaran murya ya ce, "Baffa, wallahi ba abin da kuke zato ba ne. Wata 'yar aba ce take ajiye da ita a tsohuwar tukunya a bayan ɗaki. Ba ta bari kowa ya taɓa. Kullum da safe sai ta je ta gaishe ta."

Na ɗago na dube shi. Shi ma a lokacin ya ji abin da ya faɗa.

"Tana gaishe ta," in ji Baffa a hankali. "Ita kuma tana amsawa?"

Na roƙi a ba ni dama in nuna musu. Na ce Inna ma tana da tayim a ɗakinta, a ɗauko a gwada. Aka ɗauko robar, wadda ina jin tun bikin wata jikarta take nan. Aka zazzage a tafin hannu, Inna ta duba, ta duba ƙullin da na warware, ta ce cikin tausayi, "Malama, wannan ai gari ne, naki kuwa itace ne." Aka sunsuna na robar, ba ya ƙamshin komai sai tsohuwar roba.

Na ciro waya na nemo Baturen nan. Da ƙyar hoton ya buɗe. Aka miƙa wa Baffa, ya nisantar da wayar daga idonsa yana kallo. Ga Bature, hannunsa duk zane-zane har wuya, yana naɗe ganye a ƙyalle, yana ɗaurewa, yana jefawa a tukunya yana lumshe ido. Baffa ya miƙo mini wayar da yatsa biyu ya ce, "Ashe su ma suna da nasu bokayen."

Sai na yi abin da nake ganin shi ne ƙarshen hujja. Na ce in cuta ce ta fara ta kaina. Na dumbuzi abin da ke cikin ƙyallen na watsa a baki na tauna. Na manta da masoro da kimba da kanumfarin da ke ciki. Wani irin yaji ya tashi daga maƙogwarona ya fita ta hanci da kunne. Na shiga tari, hawaye na zuba, majina na zuba, itacen tayim ya maƙale mini a haƙori. Cikin tarin nake cewa, "Kun gani, ba komai, kuma wallahi guda ɗaya ne kawai na manta ban cire ba."

Ban rufe baki ba muka ji salati daga tsakar gida. Wata maƙwabciyar Inna da ta shigo ɗanɗana farfesu ta tsamo na biyu a kular mata.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ta tsage ba.

Baffa ya mayar da hularsa, ya miƙe, ya kakkaɓe riga. Ya ce wa mijina, "Maganar da na yi ɗazu a ajiye ta tukuna. Ban sani ba ni na yi ta ko ƙullin nan ne ya yi ta. Sai na ga uwar abin da idona, sannan sai cikina ya wanke." Ya hau babur ya tafi.

Kunyata daban, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne fuskar Safiya. Yarinyar ta samu abin da take nema a hannu, ni na fizge da iyayina. Ta juya ta shige ɗaki. Inna ce ta dafa ni ta ce, "Ni na san ba ki da mugun hali, sai dai rawar kai." Muka dawo Birnin Kudu, sai da muka zo ƙofar gida na ce wa Baban Ummi, "Dole ne sai ka ce ina gaishe ta?" Ya ce, "To ƙarya na yi?"

Washegari da hantsi sai ga Baffa. Na kawo ruwa, ya ce alhamdulillahi. Na kawo fura, ya ce ya ƙoshi. Ya fito da gorarsa daga aljihu ya sha nasa ruwan. Sannan ya ce a kai shi.

Sai a lokacin na tuna da aikin da almakashi ya yi. Muka zagaya bayan ɗaki, na nuna masa tsagaggiyar tukunya cike da yashi, da wasu 'yan tsinkaye a tsaye kamar tsohuwar tsintsiyar da aka gama da ita. Ba kore ko ɗaya sai wasu ganye biyu-uku a can gindi.

Baffa ya tsuguna. Ya daɗe yana kallo. Ya tsinki ganye ɗaya ya murje ya kai hanci, na ga girarsa ta ɗan motsa, alamar ya gane ƙamshin jiya. Ya tambaye ni yadda na same ta, na ba shi labari tun daga atishawa har kaza har gudun acaɓa, ban ɓoye komai ba, don ba sauran mutuncin da zan kare.

"Tana 'ya'ya?"

"A'a, Baffa."

"Tana maganin wani ciwo?"

"Ni dai ba don shi na shuka ba."

"Ana ƙoshi da ita?"

"A'a. Ƙamshi ne kawai."

Ya ɗaga kai ya dubi filin bayan ɗakin, fili mai kyau wanda zai ɗauki zogale da rama da tattasai har da kuɓewa, ba komai a cikinsa sai wannan tukunya. Ya dubi mijina da irin kallon da ake yi wa wanda aka je yi wa jaje. Ya ce zai koma gida ya ci tuwon gidansa na 'yan kwanaki, ya ga ko zuciyarsa za ta koma inda take.

Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Labari kuwa ya riga ya zaga, har a makarantarmu wata malama ta ja ni gefe ta ce ko zan taimaka mata da ɗan abin nan, maigidanta ya hana ta zuwa biki. Na ce mata ta je ta sayi magi.

Ana gobe za a rufe rajista, da la'asar, muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Baffa ne ya fito, Safiya na biye da shi da akwatinta a ka, shi kuma yana riƙe da zabbi biyu a ɗaure. Ya zauna a tabarma, ya ce wa Baban Ummi, da ƙarfi yadda zan ji daga ɗaki, "Na ci tuwon gidana, na sha furar gidana, zuciyata ba ta canza ba. Ashe ni ne na yi maganar. Matarka kuma ba ta da asiri, na tabbatar, mai asiri ba ta tallarsa a kunnen Tabawa. Amma gidan da ake tashi da safe a gaida ciyawa yana buƙatar ma'aikaciyar asibiti a kusa. Ga ta nan na kawo muku."

Safiya ta faɗo ɗaki ta rungume ni tana kuka tana dariya. Ni ma haka, ko da yake ban tabbatar ba wanke ni aka yi ko wani sabon laifin aka ɗora mini.

Kafin ya tafi ya turo zabbin bakin ƙofata da ƙafa, yana kallon wani wajen, ya ce, "In abar ta sake tofowa a yi irin na rannan. Amma a kwance, ban da ƙulli."

Ta tofo kuwa, ta ma fi da cika, ashe askin bai kashe ta ba. Yanzu duk lokacin da Baffa zai zo, ina zama a tsakar gida a fili, inda kowa zai gan ni, in tsige ganyen nan ɗaya-ɗaya har bayana ya ƙage, ina yi ina faɗin sunansa da ƙarfi saboda Gwaggo. A Gwaram dai har yau yara da manya Malama Mai Ƙulli suke ce mini, kuma na daina musu.

Abin da na koya bai da yawa. Duk abin da ka jefa a tukunya a ɗaure, ka tabbata ka tsamo shi kafin dattawa su tsamo maka. In kuma tsohuwa ta tambaye ka me kake dafawa, ka faɗa mata sunan abin kawai ka ja bakinka, domin kunnen da ba ya jin sallama yana jin fariya sarai.